Mun Kai Shatu Bauchi, Adda Aka Sa a Aji

Tun ranar da muka dawo makaranta ba ku bar ni na huta ba. A layin abinci Bauchi, a bakin famfo Bauchi, har Zulai ta tare ni a ƙofar bayi tana tambaya wai da gaske ne an yi wa 'yar yayata aikin kunne. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk sanda na ba da labarin sai ya ƙara tsawo, jiya har na ji bakina yana cewa kwana biyu muka yi a mota. Shi ya sa na yagi tsakiyar littafin lissafi na rubuta muku sau ɗaya. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Wadda ta ɗiga masa miya kuma, ni da ita ne.

Shatu 'yar Adda Halima ce, yayata da ke aure a Misau, inda nake yin hutu. Shekararta biyu da rabi. Tana wata tara ta yi wani zazzaɓi mai zafi, ta warke, amma ji bai dawo ba. An gwada a asibiti an tabbatar. A gidan kaf ni kaɗai ce mai hira da ita. Na ƙirƙiro mana alamu: yatsu biyu a ka saniya ce, shafa ciki yunwa, kumbura kumatu kuma babanta Hamma Buba, ko da yake shi bai san da wannan ba. Matsalar ita ce ni 'yar makarantar kwana ce. Da na koma wannan hutun na tarar ta manta rabi, kuma ta koyi buga kanta da ƙofa in tana son abu ba a gane ba.

Za ku ce ina uwarta. Uwarta tana nan, kuma tana sonta kamar ranta. Amma Shatu 'yar fari ce, mu kuma Fulani ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Yaro mai ji ba ya asarar komai, muryar uwarsa na isa kunnensa ko ta juya baya. Ita Shatu in ba a dube ta ba, ba a yi mata magana ba ke nan. Hutuna kuwa saura mako uku. Da wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya wa Hamma Buba akwai wasu malamai biyu a Yelwa ta Bauchi masu aiki da ƙananan yara kurame da iyayensu, bai yi gardama ba. Shagonsa na maganin dabbobi ba ya barin sa motsi, sai ya ce mu je ni da Adda.

Motar da muka shiga irin wadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku ce. Ni aka sa a tsakiya, Shatu a cinyata, robar man shanun da za mu kai tsaraba a tsakanin ƙafafuna. Kafin mu kai Darazo zafin inji ya narkar da shi, murfin kuma ya ga ba zai iya ba. Na sauka Bauchi ƙafata tana ƙamshin da kare uku suka raka ni har bakin titi.

Amma kafin nan sai da muka tsallake iyaka. Ni dai iyaka nake kiran shingen da ke gaba da Darazo, don saura kaɗan a hana mu shiga ƙasar. Wani mai kaki ya leƙo ta taga, ya dubi Shatu, ya dubi Adda, ya ce, “Hajiya, yarinyar wa ce wannan?”

Adda ta sunkuyar da kai.

Ya sake tambaya. Adda ta shiga kallon wata bishiya kamar ita ta shuka ta. Ya juya ga Shatu ya ce ta nuna masa mamanta. Shatu ta ƙura wa hularsa ido. Na ga mutumin ya gyara tsayuwa, a ransa har ya kama masu satar yara an ƙara masa girma. Na yi maza na ce, “Yallaɓai, 'yarta ce. Ta fari.”

Wani tsoho a kujerar gaba ya yi dariya har da tari. “Ɗana, ko wuni za ka yi a nan ba za ta ce tata ba ce. Sake mu mu tafi.”

Sai mai kakin shi ma ya yi murmushi. Ya ce shi kansa ɗan fari ne, shekararsa arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin tsohuwarsa ba. Ya ciro alawa daga aljihu ya ba Shatu. A Soro muka sayi rake da dafaffen ƙwai, Adda ba ta ci ko ɗaya ba.

Masaukinmu gidan Goggo Mairo ne a Tirwun, ƙanwar babanmu. Unguwar rabi sababbin gidaje ne rabi gonaki, ka fito daga gida mai tayil ka faɗa cikin masara. Goggo kuwa in ta dube ki sai kin tuna laifin da kika yi kina aji biyu na firamare. Ta karɓi ragowar man shanun, ta dubi ƙafata, ta ce dama ta san ni za a ba riƙo. Da safe ta aika aka sayo masa. Ku da kuke kiran abin da ake ba mu ranar Juma'a waina, ku nemi gafara. Masar Bauchi laushinta kamar a yi matashi da ita, ga miyar taushe, ga yaji. Na ci tara. Goggo ta ce goma sha ɗaya, amma ita da ni ba mu taɓa yarda a kan komai ba.

Daga Tirwun zuwa Yelwa sai an ratsa garin gaba ɗaya a keke napep. Yelwa cike take da ɗaliban jami'a, kowa da jaka a baya yana sauri kamar an ce ilimin zai ƙare kafin azahar. Ni a raina wata na'ura mai fitilu nake jira, a sa kan Shatu a ciki, a danna, ta fito tana cewa ina kwana. Sai ga mu a gida mai ɗaki biyu. Tabarmi, kofunan roba, madubi, 'yar tsana mai hannu ɗaya. Uwaye biyar, uba ɗaya, da yara suna ta rarrafe a tsakani.

Wata mata doguwa mai tabarau ta taso da fara'a. Malama Rifkatu ke nan, mutuniyar wajen Bogoro. Ta kama hannun Adda da hannu biyu ta ce da ƙarfi, “Sannu da zuwa, Maman Shatu.”

Da ƙasar ɗakin tana da ƙofa da Adda ta shige. Ashe su a wurinsu girmamawa ce a kira mace da sunan ɗanta na fari, har a manta nata. Abin da mu muke ɓoyewa kamar kuɗin adashi, su shi suke kira daga ƙetaren titi.

Abokin aikinta Malam Sani kurma ne, sanƙarau ya tafi da jinsa yana shekara shida. Ban taɓa ganin fuska mai aiki kamar tasa ba, girarsa kaɗai za ta iya karanta labarai. Minti biyar da zamana ya raɗa mini suna da hannu: yatsu a gefen baki suna buɗewa suna rufewa. Duk ɗakin aka yi dariya. Mutumin da ba ya ji ma ya gane ina da surutu.

Abin da ya ba ni mamaki, ranar farko ba su koya wa Shatu komai ba. Mu suka yi ta tambaya. Me take so, me take tsoro, wa ke yi mata wanka, yaya take nuna tana jin ƙishi. Na miƙe na zuba alamuna ɗaya bayan ɗaya, ina jiran a ce shirme ne. Malama ta rubuta su duka, har da na Hamma Buba. Malam Sani yana nuna nasu na maganar hannu kusa da nawa. Da aka zo kan saniya ya ce a bar tawa, tunda Shatu ta riga ta san ta. Na kusa neman a ba ni satifiket.

Ban daɗe a sama ba. Malama ta ga yadda nake kamo haɓar Shatu in juyo da fuskarta in ina son ta dube ni. Sai da na shagala ta zo ta kamo tawa haɓar ta juyo da ni. Ta tambaya ko na ji daɗi. Daga ranar na koyi taɓa kafaɗa, ko kaɗa hannu, in durƙusa daidai tsayinta, in jira.

Sai maganar goyo. Adda takan wuni da Shatu a baya, kamar kowace uwa. Malama ta toshe mini kunne da auduga, ta tsayar da ni a bayan Adda, hancina a jikin hijabinta, su kuma suka yi ta hira. Da ta cire audugar ta ce me na gani. Na ce zare. Ta ce to, abin da Shatu ke gani ke nan daga safe zuwa yamma. Ba ta ce a daina goyo ba, cewa ta yi a riƙa sauke ta ana juyo da ita.

A rana ta uku abin ya ɓaci. Goggo ta biyo mu don ta ga inda muke ƙona kuɗin keke. Malama ta ce in zauna a kan hannuwana, da gaske, in danne su da cinya, don duk abin da Shatu ke so ni take duba. Aka ajiye masa a faranti. Aikin Adda shi ne ta zauna gaba da gaba da Shatu, ta jira su haɗa ido, ta yi alamar ci, sannan ta ba ta. Ga Goggo a zaune, ga uwaye biyar, ga wani namiji. Adda ta miƙa masar kanta a juye. Shatu ta karɓa ta dube ni. Aka sake. Aka sake na uku. Hannuwana suna ƙaiƙayi kamar na zauna a kan tururuwa.

Malama ta matso ta yi magana a hankali, amma ɗakin ƙarami ne. “Maman Shatu, yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Haka Allah ya ba ki ita. In ke kin ɗauke mata fuska, wa zai duba ta?”

Adda ta miƙe, ta goya Shatu, ta fita. Muka bi ta muka hau keke zuwa Tirwun. Muna isa ta shiga ninke kaya, ta ce gobe da safe Misau. Na ce Adda, ai ba mu gama ba. Ta juyo idonta jawur.

“Cewa ta yi ba na sonta, Hajjo. A gaban mutane. Ni da na kwana goma sha biyu a asibiti ban runtsa ba.”

Na fita tsakar gida na tarar da Shatu tana jera duwatsu. Na lissafa kwanakin hutuna da suka rage, na ga ba su da yawa.

Da safe muna ɗaure jaka sai ga keke a ƙofar gida. Malama Rifkatu da Malam Sani. Bayan gaisuwa Malam Sani ya fara magana da hannu, Malama tana fassarawa. Ya ce shi aikinsa kallon hannu ne. Kwana uku yana lura da hijabin Adda yana motsi daga ciki. Duk alamar da aka nuna, tana maimaita ta a ɓoye, kuma tata ta fi ta wannan mai surutun kyau. Ya nuna ni. Adda ta rufe fuska.

Malama ta ce ta zo ba da haƙuri ne. Ta san da al'adar ɗan fari, amma ta ga uwaye da yawa da baƙin ciki ke sa su kau da kai daga yaro kurma, sai ta yi wa Adda wannan fassarar ba tare da ta tambaya ba. Daga nan ta juya ga Goggo, ta ɗan rusuna.

“Mama, mu hannu muka sani, ku kuka san gidanku. A ina ne aka yarda uwa ta dubi 'yar fari?”

Na zaci Goggo za ta kore su. Ashe tun da aka haife ta take jiran malami ya tambaye ta wani abu. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta yi gyaran murya, ta ce kunyar nan ai ta idon mutane ce. In uwa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, wa ya aike ka ka sani? Sai ta rage murya ta ce ita kanta da ta haifi ɗanta na fari Yaya Umaru, in kowa ya tafi rijiya, rawa take yi masa.

Na ce, “Goggo, ke? Rawa?”

“Ke kuma in na ji wannan a bakin wani, sai na aske miki kai.”

Saboda haka ku ma ba ku ji ba.

A nan tsakar gidan aka tsara aiki, kuma kowa da nasa. Malama za ta koya wa Adda alamun ba tare da Shatu ba, ni ce zan zama Shatu. Wato in zauna a tabarma ana ba ni masa a baki, aikin da na yi da gaskiya da riƙon amana. Bayan nan Adda ta shiga ɗaki da 'yarta a rufe ƙofa. Goggo ta dasa kujera a bakin ƙofar da carbinta, ba mai shiga. In Adda ta fito, ta faɗi kalmomin da ta nema ta rasa, Malam Sani ya ba ta. Wata rana su zo Tirwun, wata rana mu je Yelwa a ba Adda ɗaki na biyu.

Ranar farko minti goma ta yi ta fito, kanta a ƙasa, ta ce tana son alamar zafi, da jira, da kar ki ci sabulu. Malam Sani ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce babu littafin da ya fara da sabulu, shi ya sa ba sa iya aikin nan su kaɗai, uwa ce ta san kalmar da ɗanta ke bukata yau. Rana ta biyu ta yi rabin awa. Ta nemi kyanwa, da ƙari, da na gaji.

Kun san ni. Rana ta uku na zagaya bayan ɗakin ta cikin masara, na taka bulo, na leƙa ta taga. Adda ce durƙushe ba hijabi, ta ɗaga gira, ta buɗe ido, tana hura kofin kunu tana yarfe hannu wai zafi. Shekarata goma sha shida ban san fuskar yayata tana iya haka ba. Shatu ta tsaya cak tana kallonta kamar an kawo mata sabuwar mutum. Ta miƙa hannu ta taɓa kumatun Adda, ta taɓa nata, sai ta yarfe ɗan hannunta ita ma. Ban ga abin da ya biyo baya ba, don a lokacin ne Goggo ta kamo kunnena ta baya. Har yau na hagu ya fi na dama tsawo, ku auna.

Kar ku ce daga nan komai ya zama zuma. Washegari Shatu ta yi jifa da faranti ta ƙi duban kowa, Adda ta fito tana cewa ita ba za ta iya ba. Malama ta ce yaro mai ji ma yana da ranar ƙin magana. Game da na'urar ji da ake sawa a kunne kuma, ta ce wannan sai an koma asibiti an ga ko zai taimaka, kuma ko an samu ba za a ajiye hannu ba. Saboda haka Zulai, ba a yi aikin kunne ba.

Kwana tara muka yi. Ranar sallama suka ce duk Asabar za su kira ta bidiyo su ga inda aka kai, bayan wata uku a dawo. Malam Sani ya kumbura kumatu ya nuna ƙasa da yatsa, wato Hamma Buba ya zo da ƙafarsa, shago ko ba shago. Malama ta riƙe hannun Adda ta ce ƙofar nan ba za ta dawwama a rufe ba, yarinya tana bukatar magana a tsakar gida da kasuwa ma, amma Adda ce za ta faɗi ranar da za a fara buɗewa. Wannan karon da sunanta Halima Malama ta kira ta.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe kusa da Soro, muka zauna a gindin bishiya ina koya wa wata mai tallar gyaɗa alamar kyanwa.

A Misau, in surukar Adda tana tsakar gida, har yanzu Adda kau da kai take yi. Sai dai tsohuwar ta fara tambaya wane irin datti ne yarinyar nan ke kwasowa da ake shiga da ita ɗaki sau biyar a rana. Hamma Buba ya koyi alama shida, ya kuma gano ma'anar kumbura kumatu, mun yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Ranar da zan taho makaranta na shirya wa kuka. Na san Shatu za ta riƙe ƙafata, za a ɓamɓare ta da ƙyar, har na tanadi abin da zan ce don a ga dattakuna. Na fito da akwati, mai mashin yana jira a waje. Tana wasa kusa da turmi sai ƙaya ta soke ta a ƙafa. Ta buɗe baki. Na ajiye akwatin, na durƙusa, na buɗe hannu biyu.

Ta wuce ni tana ɗingishi. Ko kallo ban samu ba. Ta je ta kama zanen Adda, ta ja ta har cikin ɗaki, ta juyo ta sa hannu biyu ta turo ƙofar ta rufe.

Na zauna a durƙushe hannuwana a buɗe, kaji suna kallona. Mai mashin ya yi ta danna hon. Ba wanda ya raka ni ko zaure, ni na ɗauki akwatina da kaina. An sha wulaƙanta ni a duniyar nan, kun sani, wasunku ma da hannunku a ciki, amma ban taɓa jin daɗin wulaƙanci irin na ranar ba.